An ƙi ba ka mafaka a Kanada? Kwana 15 ɗin da kunya ke cinye wa yaranmu

Wata Juma'a bayan an idar da salla, ina tsaye ina laluben takalmina a bakin masallaci nan Toronto, sai wani yaro ɗan garinmu ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, don Allah akwai wata takarda da nake so ka duba min." Na ce kawo mana. Ya ce ba ta nan, tana gida.

To muka tafi. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, irin besmen ɗin nan mai 'yar taga guda ɗaya can sama wadda ba abin da kake hangowa sai ƙafafun masu wucewa, su uku ke kwana ciki. Ya ɗaga katifa ya zaro wata ambulan duk ta lanƙwashe. Hukuncin hukumar 'yan gudun hijira ne, an ƙi karɓar kes ɗinsa. Na duba kwanan watan da ke jiki, na buɗe kalandar wayata na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa don ban yarda da lissafin farko ba. Kusan wata guda kenan takardar na kwance ƙarƙashin katifa.

Na ce, "Ƙanena, me ya hana ka gaya wa wani?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kunya nake ji Yaya. Kuma ba na so Hajiya ta ji, ka san hawan jininta."

Wallahi ranar raina ya ɓaci, ba da shi kaɗai ba, har da mu da muka riga shi zuwa. Don doka ta ba shi kwana 15 ya sanar da cewa zai ɗaukaka ƙara, kwana 15 kacal, shi kuwa ya kwana a kan takardar har suka wuce, kuma duk sati muna haɗuwa da shi muna gaisawa ya aiki ya sanyi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ranar da ka ga ambulan kaza, ko da tsakar dare ne ka buga min waya.

Ra'ayina tun farko kar in ja ku da nisa: wanda aka ƙi ba shi mafaka ba ɓarawo ba ne, bai aikata laifi ba, kuma doka ta bar masa ƙofofi da dama. Amma kowace ƙofa da agogo a jikinta. Abin da ke rufe wa mutanenmu ƙofofin nan galibi shirun da muke yi ne, da kunya, da sauraron wani ejan na TikTok wanda ko harabar kotu bai taɓa takawa ba.

Ƙofar farko, kuma ita ce mafi faɗi

Hukumar da ke sauraron masu neman mafaka a Kanada sunanta IRB, kuma ba ofishin shige da fice ba ce, hukuma ce mai zaman kanta. Sashen da ke fara zama da kai shi ne RPD. In ya ce a'a, akwai wani sashe a samansa, RAD, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2012, aikinsa ya sake duba hukuncin na ƙasa. Kwana 15 daga ranar da rubutattun dalilan hukunci suka iso hannunka za ka shigar da sanarwar afil, wato ɗaukaka ƙara, sannan cikakken fayil ɗinka ya biyo baya cikin kwana 45 daga waccan ranar dai a tsarin da hukumar ke bi yanzu.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne a RAD yawanci ba a kiran ka ka zauna ka yi bayani. Takarda ce ke magana. Ba wurin zuwa ka yi kuka ka ce wallahi tallahi gaskiya na faɗa ba ne, a'a, lauyanka zai zauna ya saurari rikodin zaman da aka yi da kai, ya bi hukuncin layi layi ya nuna ga inda mai yanke hukuncin ya yi kuskure, ga shaidar da ya tsallake, ga inda tafinta ya juya maganarka. Maganar tafinta ɗin nan kuwa babba ce a wurinmu. Ka ce "ɗan uwana" a fassara shi da wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, alhali ɗan baffanka kake nufi, sai can gaba a ce ai a fom ka rubuta ba ka da wa ko ƙane namiji, ka yi ƙarya kenan. Ka ce "kwanaki" kana nufin wata uku da suka wuce, a rubuta 'yan kwanaki. Da irin wannan ake rushe kes ɗin mutum, kuma da irin wannan ake ta da shi in an samu mai bin diddigi.

Sabuwar shaida ma ba kowace ake karɓa ba. Sai wadda ta faru bayan hukuncin, ko wadda ba yadda za ka yi ka same ta a wancan lokacin. In takarda tana cikin akwatinka tun farko ka ƙi fito da ita, da wuya su saurare ka.

Daɗin RAD shi ne yana da ikon soke hukuncin ƙasa ya ce kai ɗan gudun hijira ne kai tsaye, ko ya mayar da kes ɗin a sake zama. Kuma muddin afil ɗin na gabansa ba a tasa ƙeyarka. Amma fa ba kowa ke da wannan damar ba. Wanda aka ce kes ɗinsa ba shi da tushe ko kaɗan, da wanda ya ƙi zuwa zama har aka ce ya watsar da kes ɗinsa, da wanda ya shigo daga Amurka ta kan iyaka aka bar shi ya wuce saboda wata togaciya kamar yana da dangi a Kanada, duk waɗannan RAD a rufe yake gare su, sai dai su nufi kotu.

"Ai yawancinsu ƙarya suka shirga"

Wannan ce magana ta farko da ake jefo min duk lokacin da na ta da zancen nan, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Kowa ya san akwai masu sayar da labari. Ka biya ejan ya ba ka shafi uku, wai an ce sai ka gaji kujerar tsafin kakanka ka ƙi, yanzu matsafa na farautarka, kai kuwa ɗan Fagge ne ko Tudun Wada, kakanka limami ne. Labari ɗaya a raba wa mutum goma, suna kawai ake canzawa. Su kuwa masu sauraron kes ɗin nan kullum abin da suke karantawa kenan, sun haddace shi fiye da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya uku za a yi maka ka fara inda-inda.

Kuma mutanen nan sun san mu. A 2017 da 2018 dubban mutane suka riƙa tsallakowa ta wata 'yar hanya da ake kira Roxham tsakanin jihar New York da lardin Quebec, kuma a 2018 'yan Najeriya masu bizar Amurka ne kan gaba, har sai da ministan shige da fice na lokacin, Ahmed Hussen, wanda shi kansa gudun hijira ce ta kawo shi daga Somaliya, ya taso takanas ya je Najeriya kan maganar. A watan Maris na 2023 aka toshe wannan hanya. Tun daga wancan zamanin fayil ɗin ɗan Najeriya ake masa kallon tsaf.

To amma ina tambaya, don wasu sun yi ƙarya sai a ce duk wanda aka ƙi maƙaryaci ne? Mutane da yawa an yarda da labarinsu ɗari bisa ɗari kuma aka ƙi su. Ga yadda abin yake.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira dalilai biyar na ba da mafaka ta lissafa: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukuni na musamman na al'umma. Talauci ba ya ciki, rashin aiki ba ya ciki, tsadar man fetur ba ta ciki. Dokar Kanada ta ƙara da wanda ke fuskantar azabtarwa ko barazana ga rayuwarsa, amma ta saka sharaɗi mai ɗaci, wai kar haɗarin ya zama irin wanda kowa da kowa ke fuskanta a ƙasar. Wato mutumin Zamfara ko Birnin Gwari da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu suka sace matar wansa, ana iya ce masa mun yarda, Allah ya kyauta, amma wannan masifa ce ta gama gari, ba kai kaɗai ake nema ba. Ka ji fa. Yawan masifar ne ya zama hujja a kanka.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi kowace cin 'yan Najeriya, wato a ce maka ai ƙasarku babba ce, me ya hana ka koma wani gari? A 2018 hukumar ta ɗauki wani hukunci ta mai da shi abin koyi ga duk kes ɗin Najeriya, inda aka ce mutum na iya komawa manyan birane irin su Ibadan da Fatakwal ya zauna lafiya. An janye wannan jagora a 2020, amma tunanin bai mutu ba, har gobe da shi ake ƙin mutane.

Ni a ganina nan ne ake mana rashin adalci, kuma nan ne afil ke da amfani. Don dokar da kanta ta ce sai an cika sharaɗi biyu, na ɗaya babu haɗari a garin da ake cewa ka koma, na biyu komawar ba ta zama abin da hankali ba zai ɗauka ba in an duba halin da kai kake ciki. Wanda ke zaune a ofis a Toronto yana kallon taswira, Ibadan gari ne kawai mai mutane miliyoyi. Shi bai san rikicin kasuwar Sasa da ke Ibadan ɗin na watan Fabrairun 2021 ba, bai san abin da ya faru da mafarautan nan a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, waɗanda suka taso daga Fatakwal za su Kano yin salla aka tare su aka kashe. Bai san me ake nufi da a ce maka kai ba ɗan asalin jiha ba ne. In lauyanka bai kawo waɗannan a rubuce da hujja ba, ba wanda zai kawo maka su. To ka ga wanda ya ɓoye takardarsa ƙarƙashin katifa ya bar wannan gardamar tun kafin a fara ta.

Kotun Tarayya

In RAD ma ya ce a'a, ko kuma kana cikin waɗanda ba su da RAD, saura Kotun Tarayya. Nan ma kwana 15 ne. Sai dai a san abu biyu. Na farko izini kake fara nema, alƙali zai duba takardu ya ce a saurare ka ko kar a saurare ka, in ya ce a'a ba ya faɗin dalili kuma ba inda za ka kai ƙara. Na biyu, ko ka yi nasara kotu ba ta ba ka mafaka, cewa kawai take hukuncin nan bai tsaya kan hankali ba ko ba a yi maka adalci wajen sauraro ba, a mayar wani daban ya sake dubawa.

Ƙofa ce ƙarama, ba zan yaudari kowa ba. Amma wanda ya kai hukuncin RAD gabanta a kan lokaci, korarsa na tsayawa kai tsaye har kotu ta gama. Wanda kuwa ba shi da RAD tun asali, wannan tsayawar ba ta zo masa a ɓagas, sai lauya ya shigar da roƙo na musamman.

Kuma a nan lauya ne kawai zai iya tsaya maka, ko ka tsaya wa kanka. Kwansaltan, wato mai ba da shawara kan shige da fice, ko mai lasisi ne, ba ya shiga Kotun Tarayya. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai kai maka kes can alhali ba lauya ba ne, ka san inda kuɗinka suka tafi.

"Ina kuɗin lauya?"

Wannan ƙorafi ne na gaskiya. Yaron da ke ɗaukar kaya a sito da daddare, rabin albashinsa na tafiya haya, sauran yana turawa gida don a rage bashin da aka ci aka yi masa biza, ina zai samo dubban daloli?

Amma akwai taimakon lauya na gwamnati a larduna irin su Ontario da Quebec da British Columbia da Alberta da Manitoba. Ba kowa suke ɗauka ba, suna duba samunka, suna duba ko kes ɗin na da alamar nasara, kuma su ma lokaci suke buƙata, in ka zo musu ana saura kwana biyu me kake so su yi? Akwai kuma ƙananan cibiyoyin taimakon 'yan gudun hijira, wasu na coci ne, wasu na unguwa, kyauta suke zama da kai su cike fom. Na ga ɗan uwa Musulmi yana ƙyamar shiga don an ce na coci ne, alhali mutanen nan ko addininka ba sa tambaya.

Mu kuma fa? In aka yi rasuwa a cikinmu, kafin la'asar an tara kuɗin jana'iza a guruf ɗin WhatsApp, in bikin suna ne har da ankon mata. Ban taɓa ganin an ce jama'a ga wane an ƙi kes ɗinsa a kawo gudummawar lauya ba, ko sau ɗaya. Ba rowa ce ta hana ba, shi wanen ne ba zai taɓa bari a sani ba, don ya san kafin gari ya waye labarin ya isa unguwarsu a gida, an ce za a yi dipotin ɗinsa. Gulmarmu ce ta koya masa yin shiru.

"Gara in ɓace kawai in ci gaba da aikin hannu da hannu"

Wannan shawarar ita ce ta fi yawo, kuma ita ce ta fi kowace muni. Ka canza gida, ka canza layi, ka daina buɗe wasiƙa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Tun ranar da ka nemi mafaka akwai takardar umarnin ficewa da aka rubuta da sunanka, tana nan a ajiye ba ta aiki. Ranar da ƙofofinka suka ƙare sai ta farka, a ba ka kwana 30 ka fita da ƙafarka ka kuma tabbatar wa jami'an kan iyaka, wato CBSA, cewa ka fita. In ka wuce kwana 30 sai ta rikiɗe ta zama umarnin kora na dindindin, ba ka ƙara shigowa sai da izini na musamman. In suka kira ka ka ƙi zuwa, sammacin kamu ne a duk faɗin ƙasar. Ranar da ɗan sanda ya tsayar da motar da kake ciki don fitila ta mutu, shi kenan. Kuma wanda ya taɓa ɓuya shi ake tsarewa, don an riga an san mai gudu ne. Ko a tsaren ma akwai haƙƙi, dole a kai ka gaban hukuma cikin awa 48, sannan bayan kwana 7, sannan duk kwana 30, amma me za ka ce musu bayan ka shekara biyu kana wasan ɓuya?

Alhali wanda ya tsaya a fili, adireshinsa na hannunsu, yana zuwa sa hannu in an ce ya zo, yana iya sabunta takardar izinin aiki muddin ba a kai ga korarsa ba, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya na ci gaba da yi masa aiki, 'ya'yansa na zuwa makaranta. Inshorar nan ma an taɓa yanke ta a 2012, Kotun Tarayya ta ce a 2014 wannan rashin imani ne da ya saɓa wa kundin haƙƙoƙin ƙasar, aka dawo da ita cikakkiya a 2016. Tun 1985, a wata shari'ar masu neman mafaka da ake kira Singh, Kotun Ƙoli ta ce duk wanda ƙafarsa ke kan ƙasar Kanada kundin nan na kare shi, ko da takarda ko babu. Wasu ne suka yi shari'a shekara da shekaru kafin a samu waɗannan, mu kuma muna zubar da su don wani a TikTok ya ce kar ka sake ka amsa wayarsu.

Sauran ƙofofi biyu, da agogonsu na wata 12

Akwai abin da ake kira PRRA, wato a sake auna haɗarin da ke jiranka kafin a sa ka a jirgi. Ba kai ke nema da kanka ba, CBSA ne ke miƙa maka fom in lokaci ya yi, kwana 15 ka mayar da fom, wasu 15 ka kawo hujjoji. Sabon abu kawai ake dubawa, kuma sai an cika wata 12 daga hukuncin ƙarshe da aka yi maka, ma'ana ana iya fitar da kai kafin ma ka cancanta. Masu tsallakewa ta nan kaɗan ne ƙwarai. Amma in wani abu ya faru a gida bayan kes ɗinka, an kashe wani naka, an kama abokan tafiyarka, an yi juyin mulki kamar yadda aka yi a Nijar a watan Yulin 2023 kuma kai ɗan ɓangaren da aka kifar ne, to nan ne wurin faɗa, saboda haka duk wata takarda da hoto da saƙo a adana.

Sai neman zama na dindindin don jinƙai, wanda ke ƙarƙashin sashe na 25 na dokar shige da fice. Shi ba maganar wa ke neman ranka ake ba, maganar yadda ka kafu ake: shekara nawa kana aiki, kana biyan haraji, yaranka na wace makaranta, wa zai tsaya ya ce ya san ka, wace wahala za ka shiga in an tumɓuke ka. Shi ma akwai jiran wata 12, sai dai in akwai yaro ƙasa da shekara 18 da abin zai taɓa, ko ciwo mai barazana ga rai wanda ba a iya maganinsa a ƙasarku. Kuma shigar da shi ba ya tsayar da kora, wannan a ji shi da kyau, don ejan da yawa da shi suke cin kuɗin mutane.

Dubi abin da wannan ƙofar ke nema, takardar albashi, takardar haraji, wasiƙar limami ko shugaban wurin aiki. Wanda ya ɓace ya koma aikin hannu da hannu da sunan wani, me zai nuna? Da hannunsa ya goge sawunsa.

Auren takarda kuwa ba zan ma daɗe a kansa ba. In aka gano, haramcin shekara 5 ne saboda yaudara, kuma ko auren gaskiya ne ba lallai ya tsayar da jirgi ba.

"To su dawo gida mana"

Masu faɗin haka daga gida suke faɗa, kuma wani lokacin suna da gaskiya. Ni ban ce kowa ya yi ta afil har ƙarshen duniya ba. In lauya mai gaskiya ya duba ya ce maka ɗan uwa kes ɗin nan ba inda za shi, kuma kai ka san a ranka ba wanda ke neman ka a gida illa masu bin bashi, to fita cikin kwana 30 ɗin nan da mutuncinka ya fi, ka sayi tikitinka da kanka, sunanka bai ɓaci ba. In gwamnati ce ta biya kuɗin fitar da kai, bashi ne a wuyanka sai ka biya kafin ka sake shigowa, kuma daga Afrilun 2025 kuɗin ya haura dalar Kanada dubu 3 da ɗari 8 in ba rakiya, in da jami'an rakiya ya haura dubu 12.

Amma wa ya sa dawowar ta zama kamar mutuwa? Mu ne. An sayar da fili, an sayar da sarƙar Hajiya, an yi walima, an sa hotonsa cikin dusar ƙanƙara a status. Yanzu ya dawo da jaka ɗaya? Yaron ya gwammace ya shekara goma a besmen yana tsoron ƙarar ƙofa da ya ji ana nuna shi a majalisa ana cewa ga wanda Turawa suka koro. Iyaye, in ɗanku ya kira ya ce abu ya ƙi, kar kalmar farko ta zama "to kuɗin fa?"

Akwai kuma wanda komawar ba zaɓi ba ce gare shi sam, da gaske ake neman ransa. Irin wannan ko bayan an gama da kotunan Kanada lauyoyi kan kai kuka kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa, ko na haƙƙin ɗan Adam, su roƙi a dakata. Tushen duk wannan tsarin ƙa'ida ɗaya ce da ke sashe na 33 na yarjejeniyar 1951, ba a mayar da mutum inda za a halaka shi. Saboda irin waɗannan mutanen aka yi ƙofofin, kuma masu labarin haya su suke cutarwa, don su suka sa ake kallon kowa da ido ɗaya.

Wani kuma zai ce ai komai ƙaddara ce, in Allah ya rubuta za ka zauna za ka zauna. Haka ne, ba musu. Amma ai ba ka bar biza ga ƙaddara ba lokacin da kake nema, har Abuja da Legas ka je ka bi layi aka ɗauki hoton yatsunka.

Yaron nan dai washegari Asabar ce, ba ofis, sai Litinin da sassafe muka shiga bas muka je wurin wata lauya. Ta karɓi ambulan ta juya ta, ta duba tambarin gidan waya, ta tambaye shi ranar da ta iso, ya ce bai tuna ba. Ta cire tabarau ta dube shi ta ce akwai damar roƙon ƙarin lokaci a RAD, amma sai ya yi rantsuwa a rubuce ya bayyana dalilin kowace rana da ya makara, kuma ba ta yi masa alkawarin za a karɓa ba.

Ta tura masa takarda da biro ta ce ya fara rubuta dalilin. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya juyo ya ce min da Hausa, "Yaya, yaya ake cewa kunya da Turanci?"

An shigar da roƙon a satin. Muna jiran amsa, kuma har yau Hajiya ba ta sani ba.